Gabas ɗin Hajiya Balaraba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu a ɗan ɗakin nan yau.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, 'yar Kafanchan. Aikin tafinta nake yi a kasuwar Tianxiu, a nan ƙasar China. 'Yan kasuwanmu su zo daga Kano, in raka su wajen laoban, wato mai shago, in ce masa ya yi tsada, ya ce mini meiyou, in juyo in ce wa nawa ya ce babu. Aikin ke nan. An daɗe ana ce mini in ba da shaida ina zillewa, domin har yanzu akwai abin da ban gane ba a cikinta. Zan faɗi yadda ya faru, inda ban gane ba kuma in ce ban gane ba.

Babana ya kwanta ciwo ina nan. Na yi azumi, na durƙusa har gwiwata ta yi kanta. Abu ɗaya na roƙa, Allah ya riƙe shi har in samu in je. Bai riƙe shi ba. A waya na kalli jana'izarsa, ina tsaye bayan wani shagon takalma a titin Zhanxi Lu, kwastoma yana jirana.

Ban zagi Allah ba. Gaba kawai na shiga yi da shi, irin wadda mace take yi da maƙwabciyarta.

A gidanmu Mama ce take fara addu'a, Baba ya rufe. Da ya rasu sai ta ɗora mini rufewar. Duk Lahadi za ta kira ni, ta yi addu'arta, sannan ta yi shiru tana jira in ce cikin sunan Yesu. Ni kuwa bakina ya ƙi. Sai in ce layi ba kyau, in kashe wayar.

A lokacin na saba da Helen, wata Baturiya mai koyar da Turanci. Ba zan tsaya nan in ɓata ta ba, ita ce ta riƙa kawo mini abinci sa'ad da na kasa ci. A ɗakinta na ga kyandirori da gishiri da ruwa a ƙwarya, ta ce ita Wicca take bi. Na tambaye ta kai tsaye ko maita ce. Ta yi dariya, ta ce su ba sa cin kowa, dokarsu ma kada ka cuci kowa. Ƙasa suke girmamawa, da wata, da ruwa, da wata allahiya da suke kira Uwa. Ba coci, ba fasto. Ta ce ba wanda zai shigar da ni, in ina so ni zan keɓe, in miƙa kaina da bakina.

Wannan kalmar, Uwa, ita ta kama ni. Na gaji da Uban da ake roƙo yana shiru.

Helen ta koya mini yadda ake yi. A yi wanka da ruwan gishiri, a zana da'ira a ƙasa, a gai da kusurwoyi huɗu, a fara da gabas domin can ne mafarin komai. Sannan mutum ya fuskanci gabas ɗin, ya ɗauki sabon suna, ya yi alkawarinsa. Ni kuma na ƙara nawa lissafin. Daga nan, gida yana yamma. In na fuskanci gabas, na ba wa Kafanchan baya ke nan, da kabarin Baba, da cocin da aka yi mini baftisma. Abin da nake so ke nan.

To, ina gabas? Kun san ɗakunanmu na unguwar Xiaobei. Tagata bangon maƙwabci take kallo, rana ba ta taɓa leƙo ni ba. Na duba kamfas ɗin waya, allurar ta yi ta rawa cikin ginin, ta nuna firij, ta nuna ƙofa. Helen kuma ta tafi hutu.

Sai na ƙwanƙwasa wa Hajiya Balaraba, wata 'yar kasuwar Kano mai saro tufafi, wadda take sauka a ɗakin da ke jikin nawa. Na ce, "Hajiya, don Allah ina ne gabas?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, fuskarta ta washe. Ta shigo ɗakina da kanta, ta dafa bangon da firij yake, ta ce, "Nan ne, 'yata. Allah ya sa ki dace." Washegari har mayafi ta kawo mini sabo fil. Na karɓa na yi godiya, ban kawo komai a raina ba.

Ranar wata Asabar da tsakar rana na kulle ƙofa. Na ture firij gefe, na zana da'ira da alli, na kunna kyandir da turaren wuta. Helen ta ce a shafa mai a goshi, ni man kaɗanyar da Mama ta aiko mini nake da shi, shi na shafa. Na zaɓi suna Marka, domin da tsakiyar damina aka haife ni. Na tsaya na fuskanci bangon nan, na ce da Hausa, "Uwa, ga 'yarki ta zo. Daga yau ni taki ce, ki karɓe ni."

Na jira. Ban ga komai ba, ban ji komai ba sai ƙamshin tafarnuwar da 'yan China na sama suke soyawa. Na share allin, na mayar da firij.

'Yan'uwa, da na ce muku aljanu sun bi ni, da na yi ƙarya. Ba abin da ya bi ni. Ruɗewa kawai na yi. In sa abinci a gaba, idona ya rufe da kansa don addu'a, in rasa wa zan gode wa. A kira Rifkatu in yi jim kafin in amsa. Markar ma ba wanda ya san ta balle ya kira. Na yi ta kunna kyandir ina jira in ji wani abu, sai kewar Allahn da nake gaba da shi ta dame ni. Amma ina zan koma? Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya tilasta mini. Da ƙafata na shiga da'irar, da bakina na ba da kaina. Na ɗauka ƙofa ta rufu.

Wata Lahadi, da na fara zancen layi, Mama ta katse ni. Ta ce, "Rifkatu, layin nan lafiyarsa ƙalau. Ba zan tambaye ki ba. Amma addu'ar da ba a rufe ba tana nan a buɗe, ni kuma ina jira." Na yi kuka ranar, amma sunan bai fito ba.

Bayan wasu watanni Hajiya ta dawo sari, na raka ta kasuwar Shisanhang. Muka gama ɗaure kaya, la'asar ta yi sanyi, ta shimfiɗa dardumarta a wajen da ake loda kaya. A ranar, sama ta washe. Ina zaune a kan dila, sai na ga Hajiya tana salla, rana kuma tana gangarawa a gabanta.

Da ta idar na ce, "Hajiya, ai yamma kika kalla."

Ta ce, "To, da ina zan kalla? A Kano ne Makka take gabas. Nan mun wuce ta, ta koma bayanmu. Gabas ɗinmu na nan yamma ne, hanyar gida." Sai ta harare ni, ta ce ita fa tana nan tana jiran ranar da za ta ga mayafinta a kaina. A nan na gane, ita alƙibla ta ɗauka nake tambaya.

Kaina ya juya. Ashe duk da'irar a juye na yi ta! Na kira Helen, ta ce kada in damu, niyya ake dubawa. Sai ta ƙara ruɗa ni. In niyya ce, na tafi ke nan. In kuma bangon ne, to wa na ba wa kaina?

Na koma ɗaki, na tsaya a tsakiya. Na juya nan, na juya can, na rasa inda zan kalla. Sai na zube a ƙasa na ce, "Ubangiji, ban san gabas ba, ban san yamma ba, ban ma san sunana ba. In kana nan, kai ka nemo ni."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Idona ne kawai ya sauka a kan firij, maganar da na faɗa wa bangon nan ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Uwa, ga 'yarki ta zo. Da Hausa na faɗa, da man kaɗanyarta a goshina, fuskata tana kallon Kafanchan sak. Na shirya tsaf don in ba wa gida baya, Allah ya tura ni wajen wata Hajiya da ta juya ni ba ta sani ba.

Na yi dariya, na yi kuka, har Hajiya ta buga bango tana tambaya ko lafiya.

Har yau ban san dalilin da Baba bai jira ni ba. Har yau muna gaisawa da Helen, ban kuma san yadda zan yi mata bayani ba. Na ce muku akwai abin da ban gane ba.

Amma Lahadin da ta biyo, Mama ta yi addu'arta, ta yi shiru kamar kullum. Na buɗe baki, na ce cikin sunan Yesu. Shiru ya ɗan yi tsawo, har na duba ko layin ya yanke da gaske. Sai na ji ta ce, "Amin. Sannu da zuwa, Rifkatu."

Na gode wa Ubangiji, ɗaukaka ta tabbata gare shi! Kai kuma da kake zaune a nan, kana ganin ka riga ka ba shi baya kuma magana ta ƙare, ka dogara gare shi. Ni ma na auna, na yi tambaya, na ture firij, na juya masa baya da gangan. Yana gabana a tsaye.

Amin.