Larabar da Na Yi Shiru

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Baba Fasto, na gode da wannan fili. Ku yi haƙuri da ni, ba ni da saurin baki, kuma abin da zan faɗa ya daɗe a cikina har ya gajiyar da ni.

Sunana Yakubu, ina aiki a filin jirgin wani kamfanin haƙar iraniyom a nan Arlit. Asalina Damagaram. Mahaifina ya yi karatun allo kafin ya bi Almasihu, shi ya koya mini ajami tun ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Har yau in abu ya dame ni, daga dama hannuna yake fara rubutu.

Kun tuna lokacin tawaye na biyu. Hanyar Agadas sai da rakiyar soja, kowane direba idonsa na kan yashi don tsoron nakiya. A lokacin ranar saukar jirgi ta zama sirri. Shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya ce kada a rubuta a allon biro, wato ofis, kada a faɗa a salula. Ni kuwa mai mantuwa ne, sai na riƙa rubutawa da ajami a ɗan karnena, wato littafin aljihuna. Ina ji da kaina ƙwarai. Na ce Turawa ba su iya ba, 'yan boko ba su iya ba, wa zai karanta?

Kaito! Na manta a wane gari nake.

Wata Litinin da safe na zauna wurin mai shayi a bakin tasha, na ajiye karnen a buɗe a kan benci. Wani Alhaji Bakatsine mai sayar da atamfa ya ɗauka, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi kamar mai shela: "Laraba, ƙarfe goma, baƙi shida, mota ɗaya ta je tarbo." Sai ya fashe da dariya. "Kai, jama'a! Ashe Kirista ma ya iya ajami! Wallahi hannunka ya fi na limaminmu kyau. Wa ya koya maka, ɗan samari?"

Direbobi suka yi ta dariya. Akwai fuskokin da ban sani ba a wurin. Na fizge karnen, na yi yaƙe, na tafi.

Abin da ya kamata shi ne in je in faɗa wa shef, a canja rana. Tafiyar minti goma ce. Ban je ba. Na ji tsoron kora, na ji kunya.

Ranar Laraba motar da ta fita tarbon baƙi ta taka nakiya. Direbanta, Agali, mutumin Abzin, abokin shan shayina, ya rasa ƙafar dama.

Ba wanda ya tambaye ni kome. Wannan shi ne azabar. Da an kama ni an tuhume ni, da na huta. Na riƙa ganin Agali da sanduna a bakin kasuwa, sai in sake hanya. Wani makanike ya ba ni ƙwayar tramol, ya ce tana kashe gajiya. Ta kashe, na 'yan awoyi. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina sanin iyaka. Ina zuwa majami'a, ina rera waƙa tare da ku, ƙwaya na cikin aljihuna naɗe a takarda. Allah ya gafarta mini.

Da ƙura ta lafa, neman iraniyom ya ƙara zafi, jirage suka yawaita, aikinmu duka ya koma cikin ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Bayan wasu shekaru kamfani ya tura ni wata jami'a a ƙasar waje in karanta tsaron na'ura da bin diddigin masu kutse, musamman a harkar jiragen sama. Kuka yi mini addu'a a nan, kuka ce Allah ya ɗaukaka ni. Ni kaɗai na san wanda kuke rakawa.

Karatun ya yi mini nauyi. Ina zaune da furfura cikin yaran da suke ce mini Tsoho. Muka koyi yadda ɓarawo daga nesa zai shiga na'urar da ke riƙe jadawalin jirage, da yadda za a ruɗi matuƙi da saƙon ƙarya, da yadda ake bin sawun mai kutse kamar yadda makiyayi ke bin sawun raƙumi. Kaina ya riƙa ɗauka da ƙyar, ƙwaya na turawa.

Wata rana malaminmu, wani dattijo mai sanyin murya, ya ajiye alli ya ce mana ba na'ura ce ta fi ba shi tsoro ba. Ma'aikacin da sirri ya kuɓuce masa, ya sani, ya yi shiru, shi ne babbar ƙofa. Kuskure kowa na yi, in ji shi, amma wanda ya faɗa da wuri ya ceci rai. Ya sa muka haddace doka: in ka ga ɓaraka, kai rahoto nan take, ko da kai ne ka jawo ta.

'Yan'uwa, ji na yi kamar karnena aka sake karantawa a gaban jama'a. Ran nan na sha fiye da kullum. Da la'asar na faɗi a cikin aji, jikina na karkarwa, na ciji harshe. A gidan likita aka gane abin da nake sha. Shugaban sashenmu ya ce in koma gida in nemi lafiya. In na dawo a haka, karatu ya ƙare.

Na iso Arlit kamar tsumma. Matata Hannatu ta zuba mini ruwa, ta zauna ta dube ni.

"Baban Lidiya, takardun ƙwayar nan na daɗe ina share su a bayan ɗaki. Ina jira ka faɗa da bakinka. Ba ƙwayar ce ciwon ba. Me kake dannewa da ita?"

Washegari da rana tsaka na zo nan, ba kowa sai Baba Fasto yana gyaran benci. Na durƙusa can gefen taga. Ba wata doguwar addu'a na yi ba, ba ni da ƙarfinta. Na ce, "Ubangiji Yesu, na gaji. Na ɓoye wa shef, na ɓoye wa matata, na ɗauka har kai na ɓoye wa. Ka riga ka karanta. Ga ni." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Baba Fasto ya dafa kaina ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya ji. Saura wanda ya rasa ƙafa."

Na sami Agali a ƙofar gidansa yana haɗa shayi a kan gawayi. Na faɗa masa kome, tun daga bencin mai shayi. Bai katse ni ba. Sai da ya juye shayin sau uku kafin ya yi magana.

"Malam Yakubu, kai kana tsammani kai kaɗai ka san ranar jirgi? Tun Talata tankar ruwa ke jiƙa filin. Mai burodi ya sani, mai wanki ya sani. Ko takardarka ce, ko tankar ce, ko tun wata guda nakiyar na kwance, Allah kaɗai ya sani."

Na fara numfasawa. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ban gama ba. Ƙafa na bar wa Allah tuntuni. Amma shekara nawa kana hango ni kana sake hanya? Na ce ko don na zama gurgu ne. Wannan ya fi ƙafar ciwo." Ya miƙo mini kofi. "Sha. Na farko ne, da ɗaci. Sai ka zauna har na uku."

Na zauna har na uku.

Ba zan yi muku ƙarya ba, barin ƙwaya bai zo da sauƙi ba. Makonni na yi ina zufa, ina amai, ƙasusuwana kamar ana sara. Likita ya taimaka, Hannatu ta riƙe ni, matan zumuntar majami'a suka yi azumi domina ba tare da sun san dalili ba. Na je na faɗa wa shef na yanzu abin da ya faru. Ya rubuta, ya ce in koma karatu. Na koma, na gama. Babin farko na kundin kammalawata labarin wannan benci ne. Yanzu duk sabon ma'aikaci da ya zo filin jirgi, da shi nake fara koya masa aiki, kuma ba na ɓoye cewa ni ne.

Har yau ban san ko karnena ne ya ci ƙafar Agali ba. Ba zan sani ba a duniyar nan. Wasu ranakun gajiyar na dawowa, jikina na tuna ƙwaya. Amma na daina sake hanya. Kowace Laraba in na tashi aiki, gidansa nake bi.

Godiya ga Yesu da ya karɓi kayan da na kasa ɗauka! Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka naɗe ka ɓoye, kana tsammani ba mai iya karantawa, kada ka jira shekarun da na jira. Tafiyar minti goma ce. Ka dogara gare shi, ka tashi ka je.

Ubangiji ya riƙe mu duka. Amin.