Liƙi a Filin Softbol

Ranar Asabar ana yayyafi a Manassas, ina jiran a canza mini taya, sai na ji wasu magidanta biyu da Hausa ta haɗa a benci ɗaya.

"Malam, 'yarka ce a mota? Ba za ta shigo ba?"

"Ramatou ce. Softbol take bugawa. Ba ta son a gan ta tare da ni."

"Subhanallahi! Me ka yi mata?"

"Wasan ƙarshe ne, akwai kyautar kuɗi, ga kociyar wata jami'a ta zo takanas don ta gan ta. Ramatou ta maka ƙwallo har bayan shinge. Ni kuwa na faɗa fili, na hau yi mata liƙi a goshi."

"Ana tsakiyar wasa?"

"Ko zagayen filin da za ta yi ta ci maki ba ta gama ba na tare ta."

"Haba, Alhaji! Biki ka ɗauka?"

"Alƙalin wasa ya kore ni. Ita ta durƙusa tana tsince dalolin a gaban kowa. Daga nan ba ta sake taɓa ƙwallo ba."

"Ai yaro yana mantuwa."

"Allah ya sa. Kyauta ta tafi, jami'a ba ta kira ba, ita kuma ta koma kujerar baya."