Ɓarin Goron Malam Ɗanladi

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sabi'u ne daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Shekara da shekaru, duk Asabar aminina Malam Ɗanladi yakan hau adaidaita daga Tarauni ya zo mu kalli tsohon wasan barkwancin nan na dattawan ƙauye uku. Da an fara sai in fasa goro in miƙa masa ɓari, shi kuma ya nuna marowacin cikinsu ya ce, "Ga ka can."

Ya rasu bayan Sallah. Makon jiya aka maimaita wasan a talabijin. Na fasa goro, na miƙa hannu, sai na ga tabarma ba kowa.

Ɓarin yana aljihuna har yau, na kasa ci, na kasa yarwa. Jama'a, ku faɗa mini, yaya mutum yake kallon abin dariya shi kaɗai?