Sunan Ƙaryar da Nake Kai wa Habboba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan taro, Baba Alhaji Haladu, limamin unguwarmu, Malam Husain, malamarmu ta Turanci, Ustaza Iman, iyayenmu maza da suka rufe rumfunansu a kasuwa suka zo, iyayenmu mata, 'yan'uwana ɗaliban ajin yamma, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Ummusalama Lawal. Ban taɓa magana a gaban jama'a ba, ku yi haƙuri idan muryata ba ta kai baya ba. Ina godiya ga iyayen da suka buɗe mana wannan aji, da waɗanda suka bar 'ya'yansu mata su zo, da Ustaza wadda ba ta gajiya da mu. An ce in faɗi abin da muka koya a bana. Ku gafarce ni, abin da ban gane ba zan faɗa.

Na farko, Ustaza ta koya mana cewa Bature bai tara rashin gaskiya a kalma ɗaya ba, kowanne da sunansa. Mai ƙarya, liar. Wanda ya zuba ƙasa a gindin buhun riɗi ya rufe da mai kyau a sama, cheat. Wanda ya sa farar riga ya ce shi likita ne alhali ko allura bai iya ba, fraud. Wanda ka ci abinci da shi ya bashe ka, traitor. Na haddace su duka. Na ji daɗi ma, domin ina ganin sunayen wasu mutane ne can, ba na gidanmu ba.

Na biyu, ya jama'a, kun san yayana Rufa'i. Kun san motar kasha, mai kwasar samari zuwa aikin soja, ta ɗauke shi a bakin kasuwa, aka kai shi Kudu, har yau babu labari. Kun kuma san Habboba, kakata Hajja Shatu, tana kwance, zuciyarta ba ƙarfi. Al'adarmu ce, ba a kai wa tsoho mummunan labari. Shi ya sa Innata ta ce mata Rufa'i ya tafi aikin dawa a manyan gonakin Gedambaliya. Girbi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Ni ce mai kai mata shayi, saboda haka ni ce mai kai gaisuwa. Nakan ce, "Habboba, Rufa'i yana gaishe ki, ya ce aiki ya yi yawa." Ku ma in kun zo dubiya haka kuke cewa. Baba Alhaji har ya taɓa ce mata ya gan shi a kan tarakta, ya yi ƙiba.

Na tambayi Ustaza, a cikin sunayen nan wanne ne nawa? Ta ce akwai wadda Bature ke kira white lie, farar ƙarya, kamar ka ce wa mai gida abincinta ya yi daɗi alhali gishiri ya yi yawa. Na ce, to mutum sukutum da ba a san inda yake ba fa, shi ma kamar gishiri ne? Ta ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri, Ummusalama, wannan ban sani ba." A masallaci kuma muna jin Malam yana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Namu ramin dai kullum ni nake ƙara masa tsawo.

Na uku shi ne ya fi rikita ni. Ranar Juma'a na kai shayi, na isar da gaisuwa kamar kullum. Habboba ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, wace irin dawa ce ba a gama yankanta? Na yi aikin gona kafin a haifi ubanki. Tun ranar da aka ɗauke shi na sani, ina jin kukan uwarku a bayan ɗaki." Na ce bari in kira Inna. Ta ce, "Kul. Uwarku tana tashi ta yi wanka ta yi dariya don kada in gane. Ranar da ta san na sani, ba ta da dalilin tashi kuma. Ki ci gaba da kawo gaisuwar, da ƙarfi, yadda za ta ji."

To yanzu ina yi wa Habboba ƙaryar da ta sani, ina yi wa Innata wadda ba ta sani ba. Inna tana ruɗin Habboba, Habboba tana ruɗin Inna, kowacce don ɗayar ta rayu. Na bi kalmomin Ustaza ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda zan sa su ba, ban ga inda zan sa kaina ba. In akwai mai sani, a Turanci ko Larabci ko Hausa, ya faɗa min bayan taro.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Innata ba ta nan, tana gida wajen Habboba. Ban yi niyyar faɗin wannan duka ba, amma ba ni da wanda zan tambaya sai ku. Tunda kun ji, ku riƙe mana. Wanda ya zo dubiya ya gaishe da Habboba da saƙon Rufa'i kamar da, kada kuma kowa ya nuna wa Inna komai. Gwaggo Atika, ina ganinki a layin baya, don Allah ki kama bakinki.

Allah ya dawo da Rufa'i da 'ya'yan kowa. Allah ya ba Habboba lafiya, ya ƙarfafi Innata. Allah ya saka wa malamanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. In abin da muke yi zunubi ne, Allah ya yafe mana gaba ɗayanmu, domin yanzu da ku a ciki.

Na gode.