Wayoyin da Malam Ya Cire

Hadari ya haɗu. A bakin tasha wani malamin makaranta ya cusa kai ƙarƙashin sitiyarin tsohuwar motarsa yana ta fama. Wani tela mai jiran mota ya leƙo.

"Sannu da aiki, Malam. Me ya sami tsohuwar?"

"Makunnin waifa ne ya mutu, nake sa sabo da kaina. So nake in ɗauko maiɗakina daga asibiti kafin ruwa ya sauko."

Ya murɗa makunnin. Hon ya ɗauki ƙara, waifa ko motsi.

"Madalla, ta gaishe mu," in ji tela. "Da za ka cire wayoyin, ka yi musu alama? Ni ko riga zan farke sai na shata da alli."

"Shekara ashirin ina koyar da kimiyya!"

"Allah ya ƙara sani. Amma ga mai wayarin can tsallaken titi, ya fi kimiyya kusa."

Malam ya share zufa, murya ta yi ƙasa.

"Ɗalibina ne. Ni na kore shi daga aji, na ce ba zai zama komai ba."

Ɗigon farko ya faɗo kan gilashi.

"Tashi ka je ka kira shi, Malam. Uwargida dai ba ta kori kowa ba."