Wa Zai Amsa Sallama?

A tashar jirgin ƙasa ta Kampung Baru, can ƙasar waje, na ga wata Hajiya tana nuna wa wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke gefenta hotunan wani tsohon gari bisa dutse, inda jirgin ruwansu ya yada zango a Bahar Rum.

"Da ƙafa kika hau, Hajiya?"

"To da me? Lunguna ne irin na cikin birni, mota ba ta shiga. Ƙishirwa ta kama ni, na ga ƙofa a buɗe, na tsaya ina ta rafka sallama."

Ya yi dariya. "A garin Turawa?"

"Ba wanda ya amsa. Ashe masu gidajen duk sun tashi, sai mu 'yan kallo."

"Amma dai sun adana tarihinsu. Mu sai rushewa."

"Ni ma ƙanena amsata yake jira, ko a rushe gidan mahaifinmu."

"Haba Hajiya, kada ki yarda!"

"Ɗan nan, wa ke ciki? Ni ina nan, shi yana Abuja."

"To me za ki ce masa?"

Ta daɗe tana kallon hoton ƙofar.

"Ya nemo wanda zai zauna, ko kyauta ne. In an rasa mai amsa sallama, a rushe."