Ƙamshin Sabulu a Makullin Kwaɗona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Malam Bello tela ne daga Garwa.

A zaure nake ajiye babur ɗina, ɗaure da sarƙar da kakana ya bari tun zamanin Jamus. Shekaranjiya maƙwabcina, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama, ya ari makullaina, wai zai yanke farce da abin yankan da ke jikinsu. Da ya maido, makullin kwaɗon yana ƙamshin sabulu. Na san ana danna makulli a sabulu don a yanko irinsa, nan take na canja kwaɗo.

Yau da safe sai ga shi: "Malam, ina tsohon kwaɗon? Ai lafiyarsa ƙalau!"

Jama'a, ku ba ni shawara. In tunkare shi, ko in ƙaro sarƙa?